Amsa: Me ya sa manyan wasannin waƙa na Broadway ke rufewa da wuri?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wasan da aka kashe wa maƙudan kuɗi yake rufewa cikin 'yan watanni. Matsalar ba kuɗin shiryawa kaɗai ba ce, kuɗin kowane mako ne ke karya su. A Broadway, unguwar manyan zaurukan wasan kwaikwayo ta birnin New York, sau takwas ake wasa a mako, kuma ko kujeru sun cika ko ba su cika ba, sai an biya 'yan wasa, makaɗa, masu fitilu da hayar zaure. Ga kuma sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar haya: idan cinikin tikiti ya faɗi ƙasa da adadin da aka ƙayyade mako biyu a jere, mai zaure na da ikon cewa a tattara.

Haka aka yi wa wasan Beetlejuice a ƙarshen 2019, bisa faɗuwar cinikinsa a baya, alhali a lokacin matasa sun fara cika zauren. Abin ya yi mini ciwo sosai. Masoyansa suka yi ta kururuwa a intanet, kuma wasan ya dawo a 2022 a wani zauren. Wani wasan mai suna KPOP kuwa bai yi wannan sa'ar ba, sau 17 kacal aka yi shi bayan buɗewa a 2022.

Daren ƙarshe za ka ga mutane sun yi cincirindo a ƙofar baya, riƙe da takardar shirin wasan, suna jiran sa hannun 'yan wasa, wasu na share hawaye.