Me ya haɗa launin fatar mai bincike da rigakafin sankara?

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma. Na ji a Amurka an sha ware kuɗi da manyan malamai don renon matasan masu bincike baƙaƙen fata da sauran tsiraru a harkar rigakafin sankara. Ni dai a ganina ilimi ilimi ne, kuma cuta ba ta san launin mai duba ta ba. Anya wannan ba son kai ba ne?

AMSA: Malama, da gaskiyarki, na'urar gwaji ba ta tambayar asalin kowa. Sai dai kafin a kai ga na'ura, wani ne ke zaɓen abin da za a bincika, kuma a nan gizo ke saƙa.

A Amurka, mata baƙaƙe sun fi farare mutuwa da sankarar mama da kusan kashi 40 cikin 100, alhali ba su fi su kamuwa ba. Wa zai damu da dalilin? Galibi wanda ya ga gwaggonsa ta ɓoye ƙullutu har ya fashe. Dakta Harold Freeman, likitan tiyata baƙar fata a asibitin Harlem da ke New York, ya gaji da ganin mata suna zuwa bayan cuta ta ci jiki. A 1990 ya ɗauki mutanen unguwa aiki: su bi mace da sakamakon gwajinta, su nema mata ranar ganin likita, su warware mata rikicin inshora. Da aka haɗa wannan da gwaji kyauta ko mai rahusa, matan da ke kai shekara 5 a raye bayan gano cutar suka tashi daga kashi 39 zuwa 70. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki.

To, irin waɗannan masu binciken ne suka fi faɗuwa a hanya. A 2011 masaniyar tattalin arziki Donna Ginther da abokan aikinta suka nuna cewa damar baƙar fata ta samun babban tallafin hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ta gaza ta farar fata da maki 10 cikin 100, ko da karatunsu da wallafe-wallafensu sun yi daidai. Wani nazari na 2019 ya gano wani ɓangare na dalilin: masu bincike baƙaƙen fata sun fi son binciken cikin al'umma, wanda kuɗi bai cika zuwa gare shi ba.

Shi reno kuma ba nasiha ba ce a kan shayi. Ubangida na gari, wato malamin da ke renonki, zai zauna ya yi wa takardar neman tallafinki ja-ja da biro, ya ce ki sake turawa bayan an ƙi, don da yawa daga ƙin farko suke zuciya. Zai sa sunanki a gaba a wallafa, ya ambace ki a ɗakin da ba ki shiga ba. Ba lallai ya zama launinki ba. Wannan ma mutane kan manta.

Dubi Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan ta koma Jami'ar Chicago. Ta lura sankarar mama na kama matan asalin Afirka da ƙuruciya, sau da yawa nau'in da ba ya jin maganin hana sinadarin mata. Sai ta dawo da tambayar Ibadan, ta haɗa hannu da likitocin can, ta kuma horar da matasa a ƙasashen biyu.