Bikin kamun kifi na Argungu a idon 'yan gari

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki biyu ce: ko mutanen Argungu da kansu suna son bikin kamun kifi ko kuwa na gwamnati ne da baƙinta, sannan ko zai biya ki idan kika ɗauko tukwanenki daga Gusau kika zo sayar da abinci. Ni Bakabe ne, a Argungu aka binne cibiyata, kuma da suyar kifi iyayenmu mata suka rene mu, don haka ina da abin cewa.

Muna son sa ƙwarai. Sai dai bikin da muke so da wanda ake nuna muku a talabijin ba su cika zama abu ɗaya ba. Ku kuna ganin sa'a guda ce ta ranar ƙarshe: a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da homa (ragar kamun kifi) da gora, a fito da ƙatuwar giwan ruwa a ɗora a sikeli, manya su tafa. Mu kuwa tun makonni kafin nan gari ya fara motsi. Masu saƙar homa ba su barci, ana neman manyan goruna ido rufe, 'yan'uwan da ke Legas da Kano da Yamai suna bugo waya a share musu ɗaki.

Akwai dalilin da ya sa abin ya shiga ranmu haka. Kabawa da Sakkwato sun shafe kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya ba su ga maciji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya gagarumin su don girmama shi, daga nan bikin ya samo siffar da aka san shi da ita. Saboda haka idan Bakabe ya ga sarakuna sun taru a bakin ruwansa, yana tuna cewa jikokin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ba a ci su da yaƙi ba, zuwa aka yi aka gaishe su. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka wasan kifi ne kawai.

Ban ƙara tabbatar da son da ake yi masa ba sai da aka daina yin sa. Kusan shekara goma babu biki saboda matsalar tsaro, sai a watan Maris na 2020 ya dawo. A cikin waɗannan shekarun ne, a 2016, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, mu kuwa muna ta dariyar takaici: ga lambar yabo, babu taro. Na san matan da da cinikin kwana huɗun nan suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Na san makaɗa da 'yan kokawa da suka koma noman rani gaba ɗaya. Yara sun tashi har sun kai munzali ba su taɓa ganin kabanci ba, wato tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kama kifi da hannu. Ranar da aka dawo, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78, amma abin da aka fi yin hira a kai a unguwarmu shi ne wa ya sayar da buhu nawa na shinkafa.

To ga inda zancen ya shafe ki. Kifayen da ke cin kyauta 'yan kaɗan ne. Sauran dubban da suka shiga ruwa suna fitowa da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da ƙananan giwan ruwa, kuma yawancinsu a nan bakin ruwa suke sayarwa su sami kuɗin motar komawa. Da yammacin ranar, gari gaba ɗaya ƙamshin suya yake. Wasu a soya a barbaɗa yaji, wasu a yi farfesu, abin da ya rage a kai wa masu banda su ƙyafe. Ga tuwon shinkafa da miyar kifi, shinkafar ma ta fadamarmu ce. A wurina wannan shi ne bikin, kuma mata ne ke riƙe da shi duk da ba su shiga gasar ruwa.

Ƙorafi kuwa akwai shi, kada wani ya ce miki babu. Na farko tsada. Mako guda kafin biki tumatir da attarugu da man gyaɗa da itace duk sun hau, ɗan acaba ya ninka kuɗinsa, kuma magidancin da ba ya sayar da komai shi ke shan wahalar, ga baƙi cike da gida. Sannan ranar da manyan baƙi za su zo akan tsare hanyoyi, tsohuwa da tiren gyaɗarta ta yi ta zagaye cikin rana. Abin da ya fi ci wa masu abinci rai shi ne na babbar rumfa. Waɗanda ke zaune a can abincinsu a cikin kuloli yake zuwa daga wani gari, su ci su shiga mota, kafin magariba sun kai Birnin Kebbi ko Sakkwato inda suka kama masauki. Wata shekara goggona ta ci bashi ta yi farfesu na alfarma da sunan manya za su saya, ko kusa da rumfar ba a bari ta je ba. Direbobinsu ne suka cinye, su ma da ragi.

Masunta suna da nasu. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara don kifi ya girma, kuma yawanci sun yarda da hakan domin al'ada ce, Sarkin Ruwa da Homa, wato shugaban masunta, su ne ke tsaron ta. Amma idan aka hana mutum ruwa shekara guda sannan aka ce bana babu biki, dole ya yi gunaguni. Ruwan ma ba kullum yake ba da haɗin kai ba. A 2006 an yi taro ba a shiga su ba saboda ya ja baya. Akwai kuma malamai da ba su jin daɗin kiɗe-kiɗen dare da cakuɗuwar maza da mata da wasu abubuwan gargajiya da ake yi wa ruwa kafin a shiga. Suna faɗa a wa'azi, mutane su saurara, wasu su ƙaurace, mafi yawa su je kallo. Haka muke zaune da juna.

Zai biya ki? Ina ganin zai biya, muddin kin san wa za ki ciyar. Masu sayen abincinki su ne masunta da suka kwana a fili, da 'yan kokawa da 'yan dambe da magoya bayansu, da manoman da suka kawo kaya baje kolin amfanin gona, da mutanen ƙauyukan Augie da Arewa da na ƙetaren iyaka daga Nijar. Suna da yawan gaske, suna jin yunwa, amma aljihunsu ba nauyi. Ki yi kwano mai araha mai cika ciki. Kuma don Allah kada ki yi gasar kifi da matan Argungu, kowace tana da masuncinta da ke ajiye mata tun kafin ya fito daga ruwa. Ki zo da abin da kika fi su: masa da miyar taushe da safe, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, dambu, ƙosai da kunu. Zoɓo da kunun aya mai sanyi suna tafiya kamar a kyauta domin lokacin zafi ya fara kankama, sai dai ƙanƙara tana wuya, ki yi maganarta tun da wuri.

Cinikin dare a filin kokawa ya fi na ranar kamun kifi daɗi, wannan 'yan gari ne suka sani. Ki sayo man gyaɗa da kayan yaji daga gida. Ki riƙe canji da yawa, domin idan jama'a suka taru layin waya yakan cushe, mai cewa zai turo miki ta banki sai ki neme shi ki rasa. Ki sami wata uwar ɗaki a gari wadda za ta tsaya miki wajen samun fili da ruwa da wurin kwana. Baƙuwar da ta shigo ta hannun 'yar gari ba ta samun matsala, wadda ta zo ta kafa murhu a gaban rumfar wata kuwa za ta sha magana.

Kada ki sayi ko mudu ɗaya sai an sanar da ranaku a hukumance, domin yawanci tsakanin Fabrairu da Maris ne, amma an sha ɗagewa, kuma ba kowace shekara ake yi ba. Idan kin samu sarari da safe kafin ciniki ya buɗe, ki leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunanmu ce.