Tambaya da Amsa: Yadda Za a Sabunta Kek ɗin Biki Ba Tare da An Ɓata Shi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Akwai wani kek da mahaifiyarmu take yi mana duk lokacin biki tun muna yara, yanzu kuma da ƙarfinta ya ragu sai aikin ya dawo hannuna. Yarana sun fara ƙorafin cewa kullum abu ɗaya ne, shi ya sa a bikin da ya wuce na rage rabin sukarin, na zuba man girki maimakon bota, na ƙara zuma. Kek ɗin ya ƙi tashi, gefensa ya ƙone, cikinsa ya yi nauyi. Mama ta gutsira ta ajiye ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo fiye da faɗa. Yaya zan kawo sabon salo ba tare da na lalata abin da na gada ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Niyyarki mai kyau ce, kuskuren kawai shi ne kin taɓa ginshiƙai uku a lokaci guda, alhali kowannensu yana da aikin da ya wuce ba da ɗanɗano. Tsofaffin girke-girken kek a kan ma'auni aka gina su. Akwai wani sanannen kek na Ingila da aka san shi tun ƙarni na 18, wanda ake auna fulawa da bota da sukari da ƙwai daidai wa daida, kowanne kimanin giram 450, kuma kek da yawa da ake yi yau daga wannan tsarin suka samo asali.

Lokacin da kike buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ƙwayoyin sukarin ne suke huda ƙananan ramukan iska a cikin botar, iskar nan kuma ita ce take kumbura a cikin zafi ta ɗaga kwaɓin. Man girki ruwa ne, ba ya riƙe wannan iska, sukarin da zai yi hudar ma kin ɗauke rabinsa. Bayan haka sukari yana riƙe danshi, yana kuma hana fulawa yin tauri. Idan zaƙin ne ya yi miki yawa, ki rage kashi ɗaya cikin huɗu, kada ki wuce haka, sannan ki ƙara ɗan gishiri. Zuma kuwa tana da ruwa kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma tana saurin yin ja fiye da sukari, wannan ne dalilin ƙonewar gefen. Duk ranar da za ki sa ta, ki sauke zafin murhun gashin daga digiri 180 zuwa 165, ki ƙara masa 'yan mintuna.

A ganina, wurin da ya fi dacewa da sabuntawa shi ne ƙamshi, domin shi ake iya sauyawa ba tare da an girgiza ma'aunin Mama ba. Ki narkar da botar a tukunyar da cikinta fari ne, a kan wuta kaɗan kina juyawa. Za ta yi kumfa tana tsartsatsi, sannan ƙarar ta lafa, sai ki ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa sun kwanta a gindin tukunyar, ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa ya cika ɗakin girkin. A nan take ki sauke, saboda tsakanin wannan matakin da ƙonewa bai kai minti ɗaya ba. Wannan sauyin launi da ƙamshi, wanda masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Maillard ya yi bayaninsa a 1912, shi ne kuma yake ba ɓawon burodi daɗinsa. Ki bar botar ta huce ta sake daskarewa kafin ki buga ta da sukari, ki kuma mayar mata da cokali biyu na madara a madadin ruwan da ya ƙafe.

Idan kina son kirfa ko citta, ki zuba garin a cikin botar tun tana da ɗumi, domin mai ne yake janyo ƙamshinsu. Haka ma ɓawon lemun zaƙi: ki kankare saman kawai, ban da farin da ke ƙasa mai ɗaci, ki murza shi cikin sukari da yatsunki har sukarin ya yi laima. Amma ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan a bana, ki bar sauran sai wani bikin.

Batun Mama shi ya fi tsaya mini a rai. Mako biyu kafin biki ki kwaɓa rabin ma'auni don gwaji, ki kai mata yanka biyu, na asali da sabon, ki roƙe ta ta gaya miki abin da ya rage. Mai yiwuwa akwai wata dabara a hannunta da ba ta taɓa shiga takarda ba.

Tambaya: Hajiya, ina so in ƙara ruwan lemun tsami a biskit ɗin da nake yi wa iyali lokacin biki. Zan iya amfani da bekin soda maimakon bekin foda?

Amsa: Za ka iya, Malam, amma ba da ma'auni ɗaya ba. Soda tana buƙatar abu mai tsami kafin ta fitar da iskar da ke ɗaga kwaɓi, foda kuwa da tsaminta take zuwa, tun yadda Alfred Bird ya haɗa ta a Ingila a 1843. Soda ta ninka foda ƙarfi sau uku zuwa huɗu, saboda haka inda aka ce cokalin shayi ɗaya na foda, rubu'in cokali na soda ya isa, idan kuwa ta yi yawa biskit ɗin zai yi ɗanɗanon sabulu. Da zarar lemun tsamin ya haɗu da sodar aikinsu ya fara, don haka ka kunna murhun ya yi zafi tun kafin ka kwaɓa.