Kwali iri ɗaya, kwando biyu: yadda birni ke rarraba shara

Tambaya: Ina da ƙaramar sana'a a ƙasan gidan da nake zaune. Masu kwashe shara sun ce kada in ƙara haɗa sharar sana'ar da ta gida, alhali kwali ne da leda iri ɗaya. Da wane ma'auni hukuma ke raba shara, kuma mene ne amfanin rabawar?

Amsa: Malam, da gaskiyarka. Injin da zai markaɗa kwalin bai san daga inda ya fito ba. Abin da ya raba su shi ne wanda zai biya kuɗin ɗauka. A birane da yawa sharar gida hukuma ce ke kwashewa da kuɗin haraji ko abin da magidanta ke biya, shi kuwa mai sana'a shi ke ɗaukar nauyin tasa, ko dai ya biya hukuma daban, ko ya ƙulla yarjejeniya da kamfani mai lasisi. A Ingila dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa mai kasuwanci alhakin shararsa, kuma dole ya adana takardar miƙa ta ga mai ɗauka tsawon shekara 2. Ni dai ina ganin hakan adalci ne, domin wanda ke cin riba bai kamata ya bar wa maƙwabta nauyin bolarsa ba. Sharar asibiti, ta masana'anta da baraguzan gini kuwa kowacce da hanyarta.

Ma'auni na biyu shi ne abin da aka yi sharar da shi, kuma nan ne aikin yake. Birnin Shanghai na ƙasar Sin ya wajabta kashi 4 tun Yulin 2019: jiƙaƙƙiya (wato ragowar abinci), busasshiya, wadda za a sake sarrafawa, da mai haɗari. Ƙaramin garin Kamikatsu na Japan ya kai rabon har kashi 45. Kada yawan kwanduna ya ruɗe ka. Kowane kwando yana nan ne don akwai masana'anta ko wurin da ke jiran abin da ke cikinsa.

Da za a ce in zaɓi rabo guda, sai in ce a raba jiƙaƙƙe da busasshe. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna kusan kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyayyaki. In an ware su, taki suke zama ko iskar gas ta girki. In an binne su a juji, sai su ruɓe babu iska, su riƙa fitar da gas mai kama wuta da ke ƙara ɗumamar yanayi. Ɓarnarsu ma tun cikin kwando take farawa. Ɗauki kwali busasshe, mai saye na nan yana jira. Bari mai ya jiƙa shi dare ɗaya, shi ke nan ya tashi daga aiki, saboda da ruwa ake dama takarda kafin a sake ta, mai kuwa ba ya biyo ruwa, tabo yake bari a sabuwar takarda. Masu saye ba sa wasa da wannan. A 2018 Sin ta daina karɓar nau'o'in shara da dama daga waje, ta kuma ce datti a cikin abin da take karɓa kada ya wuce kashi 0.5 cikin 100. Birane da yawa a Amurka da Turai suka wayi gari da tulin kaya ba mai saye.

A wurin tantancewa, shara na tafiya a kan bel. Maganaɗisu ya zare gwangwanin ƙarfe, wani inji ya cilla na alminiyam gefe, na'ura mai haske ta tantance robobi. Alminiyam ɗin nan dukiya ne, sake narka shi na rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Juya gorar ruwa ka duba gindinta, za ka ga lamba tsakanin 1 da 7 cikin alwatika, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 1 da 2 su ne suka fi samun kasuwa. Lambar dai sunan robar kawai take faɗa, ba alkawari ba ce cewa birninka na karɓarta. Leda kuma nannaɗe injin take yi, sai an tsayar da aiki an sa wuƙa an yanke ta. Fasasshen tangaran da madubi ba sa shiga cikin kwalabe, don narkewarsu ba ɗaya ba ce.

Sai mai haɗari: fenti, maganin ƙwari, baƙin mai, magunguna, kwan fitila mai sinadarin makuri, da batir. Wannan ba a haɗa shi da sauran shara, daga gida ya fito ko daga shago. Ina roƙonka musamman kan batirin waya. Motar shara matse kaya take yi, batirin da aka matse yana iya kama wuta a tsakiyar takardu, ga ma'aikata a jikin motar.

Ka je ofishin hukumar tsaftar birninku ka yi wa sana'ar rajista, ka karɓi jerin abin da suke ɗauka da ranakun ɗauka. Ka ninke kwalayen ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, batura kuma ka manna salatif a bakinsu ka tara su daban, har ka kai su wurin karɓa.