Amsa ga mai tambaya kan jarin da wansa ya ba shi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce wanka ya sayar da gonarsa ya ba ka jari, yau Allah ya buɗa maka a Yamai, shi da sauran 'yan gida kuma sun ce dukiyar ta gida ce, kai kana ganin guminka ne. Abin da ya same ka ya same ni, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Ni mutumin Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Yunwar 1984 ta cinye mana dabbobi, saniya ɗaya ta rage a hannun Inna. Yayana ya bi 'yan biɗa, wato masu tafiya neman kuɗi, zuwa Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba, yana ɗauke da kayan koli a ka yana zaga unguwanni. A ƙarshen 1993 ya aiko mini da sefa jaka ɗari uku ta hannun wani ɗan garinmu, da saƙon baki kawai: "A ba yaron nan ya kama sana'a." Inna ta sayar da saniyarta a kasuwar Lahadi ta Tawa ta ƙara mini. Na sari atamfa da shadda. Ba a yi wata biyu ba, cikin Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Mai kuɗi a hannu ya yi kuka, mai kaya a shago ya wayi gari kayansa sun yi tsada. Daga nan ƙafata ta tsaya, har na buɗe shago na biyu a Yamai.

A zuciyata kyauta ce Yaya ya yi mini. Shi kuwa a wurinsa jari ya zuba, yana da rabo. Ba wanda ya tambayi wani, don kunya. Wa zai dubi wansa ya ce a rubuta?

Da yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa a Satumban 2002, yana Buwake, ya dawo da jakar tufafinsa kaɗai. Na yanka masa buhun hatsi da kuɗin cefane duk wata, ina jin na fita haƙƙinsa. Wata rana na aiki yaron shago da buhun, sai ga shi ya dawo da shi a kan kura. Na tafi da kaina bayan magariba. Na tarar da Yaya zaune a kan tabarma ya cire hula, na ga tsakiyar kansa ba gashi ko ɗaya, wurin da gammo ya ci shekara da shekaru. Bai ɗago ba ya ce, "Ni ba almajirinka ba ne." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Amma a lokacin zuciya ce ta ɗebe ni, na ce ai ni na yi ta kwana a hanyar Ƙonni da ta Kwatano, ni na sha fama da 'yan duwan (kwastan) da masu bashi. Shekara huɗu muna gaisuwar nesa. 'Yan ubanmu suka samu ƙofa, kowa da abin da yake kai wa kowa, matanmu ma suka daina shiga gidajen juna.

Kawunmu ne ya tara mu gaban limamin unguwa, Inna tana da rai, kuma wannan ita ce babbar sa'armu, don ita kaɗai ta san abin da aka faɗa a farko. Liman ya ce kuɗin da ɗan'uwa ya ba ɗan'uwa don kasuwanci ba ya wuce ɗayan uku: kyauta, ko bashi, ko ƙiradi, wato dukiyar wani da aikin wani a raba riba. Ya karanta mana aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Sannan ya tambayi Yaya niyyarsa, ya sa shi ya faɗa da bakinsa. Muka yi sulhu, na bar masa shagon Tawa da kayan cikinsa, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. 'Yan uban da ba su zuba ko dala ba aka gaya musu haƙƙinsu na zumunci ne, ba su da kaso a jari.

A nan ne Inna ta faɗi abin da ba wanda ya kawo a ransa. Saniyar nan ta ƙanwarmu ce, ita aka ajiye wa don kayan ɗakinta, aka kai ta gidan miji da kwanoni 'yan kaɗan, ta sha gori wurin kishiya, ba ta taɓa buɗe baki ba. Mu maza muna ta hayaniya, wadda aka fi cuta tana bayan ɗaki tana dama mana fura.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka tsaya lissafin buhunan da ka aika, wanka ba ya ƙirga su. Gona ya rasa, kuma ka san abin da gona take ga mutumin karkara. Ka je gida da ƙafarka, kada ka yi ta waya, ka nemi dattijon da ya shaida sayar da gonar tun yana raye, ku zauna da malami, ka bar wanka ya fara magana ko da za ta yi maka ɗaci. In da hali, ka fanso gonar ko ka saya masa wadda ta fi ta, da sunansa a takarda. Kuma ka tambayi mahaifiyarku, in Allah ya bar muku ita, ko akwai wata 'yar'uwa da aka taɓa wa kaya a lokacin. Allah ya daidaita tsakaninku.