Ƙaramin jirgin ƙasa mai hayaƙi a kan tebur

Tambaya: Salam Malam, na ga bidiyon wani ɗan jirgin ƙasa mai ƙafafu rututu yana zagaye kan tebur har da hayaƙi, wai sunansa Big Boy. Kayan wasan yara ne ko me? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai wannan ba na yara bane, manya ne ke zuba kuɗi su saya. Kwaikwayon wani kan jirgi ne na gaske mai aiki da tururi na kamfanin Union Pacific a Amurka, guda 25 aka ƙera tsakanin 1941 da 1944 don jan kaya a tsaunukan Wasatch, kuma tsayinsa ya kai mita 40, to jirgi mai wannan tsawo ina zai iya shan kwana? Shi yasa aka raba injin gida biyu, na gaba yana da gaɓa yana juyawa shi kaɗai a ƙarƙashin tukunyar ruwan da ke samar da tururin, na baya kuma a kafe yake.

Na teburin galibi sikelin HO ne, wato an rage komai sau 87, sai ya dawo kamar santimita 46, amma duk bututu da sandunan dake tura ƙafafun suna nan suna motsi. Lantarki ke jansa ta dogon, hayaƙin kuma wani ɗan mai ne ake ɗigawa a bututun hayaƙin ya yi zafi. In zaka saya dai ka tanadi fili, don a kwana mai tsauri sauka yake daga kan dogo.