Dole ne in haɗa karatu huɗu a wa'azi ɗaya?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ban daɗe da fara wa'azi ba, kuma ikilisiyarmu tana bin jadawalin karatun Lahadi: Tsohon Alkawari, Zabura, Wasiƙa da Bishara. Kowane mako sai na sha wuya kafin in ɗaure huɗun nan wuri guda, wani lokaci ma ni kaina ban gamsu ba. Wajibi ne in taɓa kowanne? — Wani mai wa'azi sabon shiga

Amsa: Ɗana, ba wajibi ba ne. Wahalar da kake sha ta samo asali ne daga yadda aka gina jadawalin, don haka bari mu fara daga nan.

Tsarin shekara uku da coci-coci da yawa suke bi ya fito ne daga Katolika a 1969, bayan babban taron shugabannin cocinsu da ake kira Majalisar Batikan ta Biyu. Wasu ɗariku suka ɗauka suka gyara, nasu ya fito a 1992. Shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka. Yohanna ba shi da shekara tasa, ana shigo da shi a lokacin azumi da na Ista, sai kuma sura ta 6 da ake yi mata makonni a jere a shekarar B, tun da Markus gajere ne.

A manyan lokuta, kamar gabanin Kirsimeti da azumi, an zaɓi karatun ne domin su amsa wa juna. Dubi Lahadi ta huɗu ta azumi a shekarar B, a jadawalin 1992: Littafin Ƙidaya 21, inda Musa ya ɗaga macijin tagulla, da Yohanna 3:14, inda Yesu da bakinsa ya ambaci wannan maciji. Nan ba ka da aikin ɗauri, an riga an ɗaure maka.

Amma a dogon zangon da ke bin Fentikos, Wasiƙa hanyarta daban. Ana karanta ta ne bi da bi, mako bayan mako, ba tare da duba abin da Bishara take faɗa ba. A shekarar A, ranar da Matiyu 13 ke ba da misalin mai shuka, Ishaya 55 yana maganar ruwan sama da ba ya komawa sai ya jiƙa ƙasa, ka ga waɗannan biyu sun dace. Romawa 8 kuwa ta faɗo ranar ce kawai don layi ya zo kanta. In ka matsa sai ka aurar da ita da mai shuka, auren dole ka ɗaura, kuma jama'a suna ganewa ko ba su faɗa maka ba.

Abin da nake yi shi ne, tun ranar Litinin nakan karanta huɗun da murya, in zaɓi ɗaya, in karanta surar da ke gabansa da ta bayansa, domin jadawali yakan tsallake ayoyi, sau da yawa masu tsauri. Sauran ukun an riga an karanta su a kunnen jama'a, sun yi aikinsu. Zabura ma amsar jama'a ce ga karatu na fari, ko da yake ina ganin an cika ƙyale ta, ta isa wa'azi ita kaɗai.

Kashedi ɗaya: kada zaɓin ya zama mafaka. In ka lura kullum mai sauƙin kake ɗauka, mako mai zuwa ka tsaya a kan wanda ba ka so.